Wutsiyar Ladabi

Zuwa ga angona, ragon miji mai gudun cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, karatu yana shiga, kuma ƙafafun nan naka masu kama da sandar rake sun ɗan yi nama. Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Uwarka ta zo ranar Lahadi ta tsaya a kaina kamar mai gadin madara a wuta, da ta ga ban zube ba ta koma.

Ka bar littafinka. Ƙaramin nan mai koren bango na Latin, wanda ka ce ana tilasta wa masu koyon haɗa magani su ɗan lasa. A ƙarƙashin matashin kujera na tsince shi, kuma ba zan aiko ba. Mijin da ya bar kaya a ɗakin matarsa ya bar mata. Kada ka kira ni a waya a kan wannan, kunnena a waya ba ya raba kaza da gaza. Ka rubuto, in gani da idona.

Ka ɗauka na manta abin da ka koya mini da hutu kana yi mini dariya? A aji biyar na tsaya, amma kaina ba kwando ba ne. Bayanin littafin ba na gane shi, sai dai abin da ka rubuta da fensir da Hausa a gefen shafi, shi nake bi. Na kai darasi na bakwai, na kira da umarni. Ashe mutanen nan in za su kira mutum sai sun taɓa wutsiyar sunansa. Aboki amicus ne in ana zancensa, in za a kira shi sai a ce amice. Ɗa filius ne, in an kira shi ya koma fili, shi ya sa kan 'ya'yan zamani ba komai sai fili. Kaka namiji avus, a kira ave, ka ce kuma harafin v ɗin nan mai kama da baki a buɗe kamar w ake karanta shi, wato awe. Kaka mace avia, awiya, ita ba ta canzawa. Ka ji zalunci. Mu ko kiranmu ake yi ko gulmarmu, duk ɗaya ne.

Umarnin ma na haddace. Veni, zo. Misce, gauraya. Recipe, karɓi. Tace, yi shiru, alhali a wurinmu daga ta ce ake fara surutu. In mutane da yawa ne sai a liƙa musu wutsiyar te: venite, ku zo.

A shagon kakanka nake karatun, don nan ne haske ya fi tsakanin azahar da la'asar. Shekara uku ke nan ban buɗe shi ba sai yanzu. Komai yana inda ya bar shi: keken ɗinki a lulluɓe, almakashi, guntun alli, tef ɗin awo a rataye a ƙusa, bencin masu jiran ɗinki a jikin bango, da kujerarsa. Farin yadin nan ma yana kan tebur a naɗe, wanda ya saya don ya ɗinka maka rigar aiki in ka shiga makarantar, Allah bai nufa ya gani ba.

Bari in faɗa maka wani abin kunya. Shekara arba'in da huɗu na zauna da mutumin nan ban taɓa kiransa ba. In abinci ya sauka sai in yi gyaran murya, ko in buga cokali a kofi. In dole ta kama in yi masa magana, ku nake cewa: kun dawo, ku ci. To jiya ina bitar darasin sai idona ya faɗa kan kujerar, na ce a raina, wannan harshe ai ba wanda zai ji ya ce na yi rashin kunya. Na ce awe. Da na zo kan weni sai ya maƙale mini a wuya. Yaya zan ce wa maigida zo, kamar ina kiran akuya? Sai na ƙara masa wutsiyar ladabi, na ce awe, wenite. Na yi ta dariya ni kaɗai har da hawaye.

Ka ce harshen ya mutu, ba mai magana da shi. To in harshe ya mutu, ina yake zuwa, su wa yake samu a can? Tambaya ce kawai. Da zan kulle shagon na ga tef ɗin yana lilo a ƙusa, taga kuwa a rufe take. Wataƙila mayafina ne ya taɓa shi.

Ka ci abinci. Ka gaida malaminku na Latin, ka ce masa yana da ɗaliba a ɓoye.

Taka har kullum,
Awiya

*

Zuwa ga angona, malamin da ya makara,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka. Yaya jiki, yaya karatu, yaya tarin nan da kake ɓoye wa uwarka? Ni ina nan da sauƙi.

Takardarka ta iso, na ga inda ka cika rabin shafi da dariya. Ka ce a Latin babu ku ta girmamawa, ko sarki ne veni ake ce masa, wutsiyar te kuwa ƙidaya ce tsagwaronta, duk wanda ya ce venite taro ya kira. Na gode. Da ka faɗa mini tun da hutu da ya fi.

Ka zauna ka karanta wannan, kada ka karanta a tsaye. Washegarin ranar da na rubuto maka, na buɗe shago na tarar an yaye lulluɓin keken, an ninke shi gida huɗu an ɗora a hannun kujera. Kakanka kaɗai ke wannan ninki, har faɗa muke yi a kai don ni gida uku nake yi. Ɗakin yana ƙanshin man keke, sabo, ba na shekara uku ba. Mukulli kuwa a bakin zanena yake kwana.

Na zauna na buɗe littafi kamar ban ga komai ba, ka san ni da taurin kai. Can sai bencin ya yi ƙara, irin wadda yake yi in mutum ya zauna. Ya sake. Ya sake. Na ƙirga har bakwai, bencin da mutum huɗu ke cika shi. Daga nan na daina ƙirgawa.

Ba sa zuwa da dare, kada ka ce mafarki ne. Da rana tsaka suke zuwa, lokacin da masu gyaran babur na bakin titi ke ta buge-buge. La'asar na yi ɗakin ya koma ɗaki. Ba na ganin kowa, ji nake yi. Akwai tarin surukata, uwar kakanka, wanda take yi sau biyu kafin ta soki miyata. Akwai jan silifa na babana. Akwai waɗanda ban sani ba sam. Akwai kuma wasu 'yan ƙafafu da ba sa zama, sai kai da kawo tsakanin benci da ƙafar keke. Ba a taɓa gaya maka ba, amma uwarka tana da yaya mace da ba ta cika shekara uku ba. A ƙarƙashin keken nan take wasa da guntayen ƙyalle.

Shekaranjiya gunagunin ya yi yawa, kamar ɗakin jiran likita, sai na gwada na ce tacete, yadda ka koya mini a faɗa, takete. Angona, shirun da ya sauka har buge-bugen bakin titi sai da ya haɗiye. Suna jin harshen, kuma suna bin umarni. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Maƙwabciyata, tsohuwar nas, ta leƙo ta katanga ta ce ashe baƙi na yi ban ce ta zo gaisuwa ba. Na ce rediyo ne. Ta ce rediyon nan nawa ya iya tari.

Na san abin da za ka ce, ni ma shi nake gaya wa kaina: wanda ya tafi ba ya dawowa. Na yi addu'o'in da na sani, ina kan yi. Amma ko wane ne wannan, ya iya ninkin kakanka. Kuma yau na tarar an warware farin yadin a kan tebur, an ja masa layi da alli. Na yi murna da farko, na ce rigarka za a ɗinka. Sai dai na zauna da tela shekara arba'in da huɗu, na san zanen riga in na gani. Wannan layi biyu ne kawai, miƙaƙƙu.

Ka aiko mini da kalmar ku tafi. Na duba gefen shafukan duka, ba ka rubuta ta ba, ragon ɗalibi, ka koyi kira ba ka koyi sallama ba. Kada ka gaya wa uwarka, yanzu ta kwashe ni ta kai ni benen nan nata inda ko mage ba ta hawa.

Ina jiran amsa da motar Laraba.

Matarka ta fari,
Awiya

*

Zuwa ga angona,

Gaisuwa a gajarce yau, ka yi haƙuri. Ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya.

Na ga kalmomin. Abi, tafi. Abite, ku tafi. Ka ja layi a ƙarƙashin wutsiyar don kada in sake kuskure, Allah ya yi maka albarka. Laifin ba naka ba ne, na bakin tsohuwa ne da haƙoran da suka yi ritaya.

Na tsaya a ƙofar shago da takardarka a hannu, na cika ƙirji da iska. Amma ka faɗi kalmar nan da ƙarfi sau uku ka ji abin da take komawa a bakin Bahaushiya. Ni dai abin da ya fito daga bakina shi ne: a bi ta. Na ji shi da kunnena, na so in kamo shi, ya riga ya fita. Na manta cewa kafin mutanen nan su koyi harshen can, Hausa suka sha a nono.

Bencin ya yi ƙara sau bakwai, irin ta masu tashi. Na juya na nufi tsakar gida, jan silifa ya biyo ni.

Yau kwana biyar ke nan. In na shiga kicin, suna bakin ƙofa. In na zauna wanke-wanke, surukata tana tari a bayan kunnena, ko a can ba ta yarda na iya wanke tukunya ba. Jiya na ce bari in fita cikin mutane ko za su ji kunya. Na bi ta gaban masu gyaran babur, na wuce kantin magani, na sha kwana zuwa wurin mai kayan miya. A hanya mutane suna kauce mini da faɗi, kamar wadda ta ɗauko katako a kai. Mai kayan miyan nan, shekara goma sannu tsohuwa yake ce mini. Jiya ya miƙe tsaye ya ce sannunku da zuwa, ku shigo inuwa. To ka gaya mini, ladabi ya koya a dare ɗaya, ko ƙidaya ya yi? Idonsa dai ba a kaina yake ba, a bayan kafaɗata yake. Yanzu duk wanda ya ce mini ku sai gabana ya faɗi. Abin da na shuka ke nan.

Mutum ɗaya ne bai biyo ni ba. Yana shago yana aiki. Ina tsakar gida ina jin almakashi, ƙyas, ƙyas, a hankali, yadda yake yi in yadi mai tsada ne.

Ɗazu na shiga na duba. An yanka yadin a kan layukan nan biyu. Ba wuya, ba hannu, ba aljihu. Na ciro tef daga ƙusa na auna shi, sannan na jingina da bango na auna kaina. Tsawona ne, da rarar taƙi ɗaya ta sama, taƙi ɗaya ta ƙasa, daidai abin ɗaurin likkafani. Kakanka bai taɓa kuskuren awo ba, ko da ido ya kalli mutum ya gama.

Ina tsaye da tef a hannu sai na ji an ce, Awiya. Daga kujerar. Ba ƙarfi, muryar mai allura a baki.

Ka tuna wasan da na yi, cewa mu ko kiranmu ake ko gulmarmu duk ɗaya? Na tsaya ina jira in ji abin da zai biyo baya. In labarina yake ba su, to da sauƙi, ya ce ga ta nan ta tsufa. In kuwa kira ne, na san kalmar da ke biye, ni na koya wa ɗakin nan ita. Kuma na ga yadda umarni yake aiki a harshen nan, ba a yi masa gardama. Bai ƙara komai ba, la'asar ta yi. Gobe ban sani ba.

Ba tsoron tafiya nake ba, kowa da ranarsa. Amma ni na yi niyyar in ga ranar da za ka tsaya bayan kantar magani da farar riga, in zo in ce misce, in ga ko za ka bi umarnin matarka. Ban shirya fasa wannan ba.

Ka nemo mini wata kalmar, wadda ba ta da 'yar'uwa a Hausa. Ka faɗe ta da bakinka sau goma, ka cire haƙoranka a zuci ka sake faɗa, sannan ka aiko. Ka ba direba hannu da hannu.

Kakarka

*

Zuwa ga angona, mai rigar da ba ta da kama,

Bayan gaisuwa da sa albarka, yaya jarrabawa? Na ga ka rubuta cewa za ka bar ta ka taho. In ka kuskura sai na sake ka, saki uku, in auri mai kayan miya. Ka zauna ka gama. Ni lafiyata ƙalau, har gwiwar ta yi mini ragi.

Kalmominka sun iso ana kiran azahar. Vale, zauna lafiya. Valete, ku zauna lafiya. Ka ce ba kora ba ce, sallama ce, amma a siffar umarni take. Na juya ta a baki har ta yi laushi, ban ji ta yi kama da komai namu ba.

Na shiga shago, suka biyo ni, na ba su lokaci kowa ya sami wuri. Na juya na fuskanci bencin, na ce walete, a fili, harafi bayan harafi. Jan silifa ya fara fita, ta ƙofar titi, wadda take a kulle. Surukata ta yi tari ɗaya, ban taɓa jin ta tsaya a ɗaya ba, na ɗauke shi a matsayin yabo. Sauran suka bi. 'Yan ƙafafun nan su ne na ƙarshe. Sun zo har gabana suka tsaya, na ji gefen zanena ya yi nauyi kaɗan, sannan ya saki. Wannan ba zan yi maka wasa a kansa ba.

Buge-bugen bakin titi ya dawo. Na ce shi ke nan. Sai na ga tef yana lilo a ƙusa.

Na sake cewa walete, ina kallon kujerar. Ko gezau. Sai a lokacin na gane. Kalmar taro ce, shi kuwa ba taro ba ne. Shekara arba'in da huɗu ina yi wa mutumin nan magana kamar su goma ne, ban taɓa ce masa abu ɗaya da yake nasa shi kaɗai ba.

Aka ce, Awiya. Sannan na ji an ja numfashi, na ji farkon kalmar ya fito, we. Angona, duk garin nan ba a taɓa riga ni magana ba, ba kuwa za a fara a kan wannan ba. Na tari numfashinsa na ce awe, wale. Ba wutsiya. Daga nan Latin ɗina ya ƙare, sai na ci gaba da Hausa. Na ce kai, malam tela, ba yanzu ba. Yadin nan ba nawa ba ne, na yaron ne, kai ka saya da hannunka, ka manta? Ka je ka huta, in lokaci ya yi ba sai ka aiko ba, na san hanya. Na ce masa kai har sau uku. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Ashe kalmar ba ta da nauyin da na ɗora mata, har da ɗan daɗi a baki.

Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci, wadda yake yi in na ci shi a gardama ba ya son ya amsa. Kujerar ta yi ƙara, irin ta mai tashi. Tef ya tsaya cak.

Ban tsaya kuka ba sai da na gama aiki. Na ɗauki almakashin nan tun da sauran ɗumi a jikinsa, na shiga yadin. Kwana uku ina taka keke. Rigarka ta fito: hannun dama ya ɗara na hagu, wuyan ya ɗan karkace kamar mai sauraron gulma, aljihu kuwa biyar na sa mata. Kada ka tambaye ni me mai haɗa magani zai yi da aljihu biyar. So nake yadin ya ƙare. Abin da ya rage yanzu ko ɗan tsako ba zai rufe ba, na auna na tabbatar. Tef ɗin kuma na cire shi daga ƙusa na jefa a aljihun tebur, don in daina waiwaye.

Littafinka yana cikin aljihu na biyar, na gama da shi. Darasi na takwas ka yi kai kaɗai.

In ka iso, ka yi sallama da Hausa, ka ce tsohuwa mai ran ƙarfe, ka ce uwar rigima, duk wanda ka ga dama. Sunan can na littafi kada ka kira ni da shi ko da wasa, ko daga bayan ƙofa, don in na ji shi ba zan amsa ba, kuma ba zan waiwaya ba.

Saura kalma ɗaya, ita ma daga yau na ajiye ta. Ka dube ta da kyau, ka ga ba ta da wutsiya, kada ka kwaso mini kowa a hanya.

Veni.

Matarka, tsohuwa mai ran ƙarfe